Na Kai Wa Ɗana Gangar Noma Har Jami'a

Zuwa ga Malam Maitama,

Don Allah ka taimake ni da shawara. Na yi abin da na ɗauka taimako ne, saura kaɗan in raba ɗana da karatunsa. Ka yi haƙuri da rubutuna, da furfurata na koye shi a ajin yaƙi da jahilci.

Ni manomi ne a Dayi, ƙasar Malumfashi. Dawa da gyaɗa da auduga muke yi. 'Ya'yana maza huɗu, gandunmu ɗaya, wato tare muke noma, rumbu ɗaya muke ci. Ɗaya daga cikinsu ne ya yi boko, bari in kira shi Maiwada, ko da yake ɓoye suna ba zai yi mini amfani ba, duk Dayi an san labarin. Yana jami'a a Samarun Zariya, wai aikin gona yake karantawa, bana zai gama. Ni dai ban san noma yana buƙatar littafi ba, amma ban taɓa hana shi ba.

Farkon damina, muna cikin shuka, Shitu direba da ke jigila tsakanin Funtua da Zariya ya biyo gidana. Ya ce ya ga Maiwada ya rame, idanu sun faɗa, ko tsiren da ya saya masa bai taɓa ba, wai jarrabawar ƙarshe ta matso. Uwarsa Hajo tana jin haka ta ajiye tuwonta. Ni kuwa na ce na gane ciwon, na kuma san maganinsa.

Malam, ban sani ba ko ka taɓa zuwa gayya. In samari suka jeru a gona, rana ta take, za ka ga wani gwiwarsa ta yi sanyi a tsakiyar kunya. Ba a ba shi magani, ba a lallashinsa. Makaɗi ne zai matso da gangar noma ya buga masa takensa, ya kira sunan ubansa da kakansa, nan take ka ga yaro ya zabura ya wuce sa'o'insa. Maiwada ma yana da take, in ya zo hutu da shi Mati makaɗinmu yake tayar da shi. Saboda haka na bar shuka, na ɗauki Mati da gangarsa, Hajo ta ƙulla mana fura da ƙuli-ƙuli da zuma, muka hau mota.

Da hantsi muka isa. Aka nuna mana babban ginin da suke karatu a ciki, shiru kamar ba mutane. Mati ya gyara tsayuwa gindin wata bishiya ya saki kiɗa. Ya yi wa Maiwada kirari da cewa shi ne wanda 'yan'uwansa uku suke noma dominsa, shi ne wanda duk Dayi ta zuba wa ido, bai taɓa barin aiki a tsaka ba. Ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi. Ɗalibai suka leƙo ta tagogi, wasu na tafi, wasu na dariya, mai gadi ya sheƙo a guje.

Sai ga Maiwada ya fito. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ja mu bayan gini, ya fashe da kuka. Rabon da in ga hawayensa tun yana ƙarami. Ya ce duk abin da Mati ya faɗa, shi ne ainihin abin da ke hana shi barci. In ya buɗe littafi, yayyensa yake gani a sunkuye a gona. Ya tambaye ni da wane ido zai shiga Dayi in ya faɗi. Ya ce bari ya ɗauko akwatinsa ya bi mu gida, gara a ce ya bari da a ce ya kasa.

Sai na ce a fara cin abinci tukuna. Muka shimfiɗa tabarma a inuwa, na dama masa furar uwarsa. Ya tambayi lafiyar jan sanmu na huɗa, na ba shi labarin yadda ya tsinke igiya ya shiga rogon maƙwabci. Ya yi dariya, ya shanye furar, ya miƙe a tabarmar, sai barci. Ni da Mati muka zauna muna kore masa ƙuda har la'asar. Da ya farka ya raka mu bakin hanya, bai sake ta da maganar akwati ba, ni ma ban tayar ba.

Ranar kasuwar da ta wuce Shitu ya kawo labari cewa Maiwada ya shiga jarrabawa, ya yi wasu, saura wasu. Alhamdu lillahi! Wallahi ji na yi kamar an sauke mini buhun gyaɗa daga ka. Amma hankalina bai gama kwanciya ba, ina tsoron kada ya sake karaya kafin ya ƙare. Hajo ta ce na kunyata shi a gaban abokansa, dole in koma in ba shi haƙuri, ita kuma ta bi ni da tukwanenta ta zauna tana yi masa girki. Yayyensa sun ce a ƙyale shi kawai. Ni yanzu ko motsi tsoro nake ji. Me zan yi?

Naka,
Manomi Mai Neman Haske, Dayi.

AMSA

Baba Manomi, na karanta takardarka na yi dariya har na share ido, daga baya kuma tausayi ya kama ni. Barka da arziki, yaro ya zauna jarrabawa. Uban da zai bar shuka a farkon damina saboda ɗansa ya rame, ba wanda zai ce ba ya ƙaunarsa. Maganin ne ka ɗauko na wani ciwon dabam.

Ganga tana tayar da wanda zuciyarsa ta kwanta. Maiwada kuwa tasa ba ta kwanta ba, tashi ta yi fiye da kima har ta hana shi ci da barci. Mai irin wannan hali sauƙi yake nema. Ka duba abin da ya yi aiki a tafiyarka: fura, da labarin san huɗa, da barci a kusa da ubansa.

Hajo tana da gaskiya cewa ya ji kunya, tana kuma da gaskiya a kan abinci. Amma kada ku tafi. Hidimarku da neman inda za ku kwana za su zame masa wani aikin. Dariyar abokai kuwa ba ta daɗewa, kuma na tabbata a cikin masu leƙen akwai waɗanda suka yi fatan nasu uban ne. Yayyensa ma sun yi daidai da suka ce a rage masa hayaniya, sai dai shiru ɗungum zai iya sa ya zaci fushi kuke yi.

Hajo ta ci gaba da aika abincin da ba ya saurin lalacewa ta hannun Shitu. A gaya wa Shitu ya ba shi labarin gida da na gona, kada ya tambaye shi yadda jarrabawa take. Mutanen gari masu aika saƙon cewa suna jiran sakamako, ka roƙe su su mayar da shi addu'a. A tuna masa ya riƙa barci, ya riƙa fita yana shan iska, in rashin barcin ya ci gaba ya ga likitan makaranta ko wani malaminsa da ya yarda da shi. Mati ya ajiye gangarsa zuwa ranar da yaro zai dawo.

Saura abu ɗaya, shi ne babba. Ɗanka ya yi maka tambaya a bayan ginin nan, har yau ba ka ba shi amsa ba. Ka aika masa a wannan makon, da sunanka da na yayyensa, cewa ba bashi suka ba shi ba, kuma ko ya ci ko ya faɗi, da rana tsaka zai shigo Dayi, kai da kanka za ka tarye shi a tasha. Kada ka ƙara kome a kan wannan.

Allah Ya ba Maiwada sa'a, Ya kwantar da hankalin Hajo, Ya ba ku damina mai albarka.

Malam Maitama