Kwanar da yake yi a bakin gari

Talata, 4 ga Safar 1447
Yau kwana arba'in da moto ta kayar da ɗan farina a hanyar Dungas. Mun yi sadakar gumba. Ban yi kuka gaban mutane ba. Yana raye ma ban taɓa faɗin sunansa ba, kunyar ɗan fari. Balle yanzu.

Alhamis, 6 ga Safar
Barakatu ta zo daga Magarya. Tare da shi suka koyi tuƙin dron, ɗan jirgin nan marar matuƙi da proje, ma'aikatan taimakon manoma, ke duba tsutsa da shi a gonakin hatsi. Ta ce yanzu ordinatair, wato kwamfuta, ke koya wa sabbi. An ɗura mata duk tashin da na farko suka yi, ita ke ware daidai da kuskure. Nasa cikin kuskure ta sa. Wai in ya iso gari sai ya yi kwana ya zagaye, yana ɓarnar batir. Ana nuna wa ɗalibai da jan layi, kada su yi haka.
"Inna, da sunansa a kai."
Na ce ta sha fura.

Juma'a, 7 ga Safar
Izu ɗaya na kasa ƙarewa.

Litinin, 10 ga Safar
Ina makewayi da hantsi na ɗaga kai. Ba rufi, sai sama. Nan na tuna. Yana shekara bakwai na kama shi yana leƙen gidan maƙwabcinmu Tanko ta danga, na ja kunnensa har ya yi ja, na ce ido ma sallama yake yi. Ashe ya riƙe. Ashe ni na sa aka ja masa layin.

Laraba, 12 ga Safar
Na je Magarya. Ban son magana gaban maza, Allah ya sani. Mushe Tijjani, wato Malam Tijjani, shugaban masu koyarwa, ya ba ni kujera. Da na yi masa zancen jan layin, ya ce, "Inna, haƙuri, na'ura abin da ta auna take faɗi."
Na ce, "Mushe, ban san na'ura ba. Amma iyalinka, a ina suke wanka?"
Barakatu ta toshe baki da gyale. Ya kunna hoton tashin, sau uku yana kallo. Garin Bande, kwana. Sassumbrum, kwana. Ko gida ɗaya jirgin bai leƙa ba.
Ya ce na'urar ba wanda ya gaya mata, za su gaya mata.

Asabar, 22 ga Safar
Barakatu ta kira. Layin ya koma kore, duk ɗalibi sai ya iya kwanar kafin a ba shi jirgi. Wai Mushe na tambaya me za a kira ta.
Na ce, kwanar Faruku.
Bakina ne ya faɗa. Hinda autata na nan tana tankaɗe, ta yi kamar ba ta ji ba. Bayan na kashe wayar na sake faɗa, a hankali, don dai in ji.