Burtun Bakin Kogi

Kurmin Mashi, Kaduna
Nuwamba, 1987

Aminina Maliki,

Assalamu alaikum. Ina fatan kai da Hajiya da yara kuna lafiya, kuma kun saba da Katsina. Tun da aka ba ku jiha kuka kwashe, ni kaɗai nake zuwa kallon tsuntsaye bakin kogi ranar Asabar.

Ka zauna da kyau kafin ka karanta wannan. Na ga burtu! A cikin doguwar ciyawar nan ta bayan Malali, kansa baƙi, maƙogwaro ja, yana tafe yana sunkuyawa. Ba sau ɗaya na gan shi ba. Madubinmu na hangen nesa yana cikin kayanka, don Allah ka aiko min da shi.

Naka,
Datti

*

Katsina

Malam Datti,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, sai kewa. Ga madubi nan na ba direban da zai sauka tashar Kawo.

Amma burtu a gefen gari? Duk shekarun da muka yi muna zaga wurin nan ko gashinsa ba mu taɓa tsinta ba. Kuma kada ka ji haushi, matarka Kaltume ta shaida wa Hajiya cewa kwanan baya ka tsaya ka gaida turken lantarki, ka ɗauka maƙwabcinku ne. Ka je a duba maka ido.

A gaida gida,
Maliki

*

Kurmin Mashi

Maliki,

Bayan gaisuwa, madubi ya iso, ni kuma na rasa inda zan sa kaina.

Na je ranar Asabar, burtu ya fito, na ɗora madubi a kansa. Ina cikin murna sai ya yi tari, ya miƙe tsaye, da takalmin roba a ƙafarsa. Ashe maharbi ne, wani Ado daga Gusau, ya ɗaura kan burtu na itace a goshi don ya samu ya matsa kusa da zabi.

Na ce masa ashe shi nake kallo duk makonnin nan. Ya rantse ranar ce zuwansa na farko. Wai a tashar Kawo ya ji ana cewa wani ma'aikacin gwamnati ya ga burtu a nan, ya ce inda burtu ya zauna ba a rasa nama. Maliki, ni ne na ba da labarin a tashar, ranar da na je karɓar madubi.

To me na gani a da? Ado ya ce yayansa ma yana da irin kan, amma bai san ko yana Kaduna ba. In tsuntsu ne na gaske, da bakina na kira masa maharbi. In ba shi ba ne, maganar Kaltume ta fito. Ban san wanne nake fata ba.

Datti

*

Kurmin Mashi
Janairu, 1988

Zuwa ga Malam Maliki,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, a gaida Hajiya. Ni ce Kaltume. Malam ba ya iya rubutu yanzu, shi ya sa na karɓa.

Likita ya ce yanar ido ce ta rufe masa ido biyun, za a yi aiki ranar Talata, bai yi alkawarin komai ba. Jiya Malam ya matsa sai na raka shi bakin kogi. Ya miƙo min madubin ya ce in duba masa. Na daɗe ban ga komai ba, can sai wani abu baƙi ya motsa cikin ciyawa, da ɗan ja a wuyansa.

Ya riƙe hannuna ya ce, "Kaltume, ƙafarsa ta mutum ce?"

Ciyawa ta rufe ƙasan. Na ce masa tsuntsu ne. Duk hanya yana ta hamdala, da muka koma gida har ya ci abinci sosai.

Ni ban taɓa ganin burtu ba, Malam Maliki. Don Allah ka rubuto min yadda yake tafiya, in san ko gaskiya na faɗa masa. Ku sa mu a addu'a.

Kaltume