Kwanon da Inna Ta Kife

Guci, daren Talata, farkon damina

Wai mutum zai yi wa uwarsa faɗa don ta hana abu jiƙewa? Satin jiya masu meteyo, ma'aikatan hasashen yanayi, suka kafa ma'aunin ruwan sama bayan gidanmu, suka ce in riƙa dubawa ina gaya musu a tarho. Yau aka yi ruwan farko ina kasuwa. Na dawo a guje, na tarar Inna ta kife kwano a bakin ma'aunin.

Ta ce, "Kayan gwamnati ne, ɗan nan, sai in bar ruwa ya dake shi?"

Ko ɗigo babu ciki. Kawu ya zo tambaya ko ruwan ya isa shuka, irinsa kaɗan ne. Na nuna masa busasshen ma'aunin. Ko haushin Inna ban ji ba.

Ga mai meteyon yana kira. Bari in je in ce masa an yi ruwa ko'ina, ban da cikin abinsu.