Ƙwayar Ɓera da Karkatacciyar Hasumiya

Litinin, 1 ga Satumba

An sallamo Baba daga asibiti. Ko zama bai yi ba ya fara shafa bangon falo, wai ya ga tsaga. Mutum ya yi ritaya daga gini amma idonsa ya ƙi yi.

Likita ya ce zuciyarsa ta daina bin ƙa'ida, tana bugawa yadda ta ga dama, kuma irin haka kan sa jini ya yi guda ya wuce ƙwaƙwalwa. Magani iri biyu: ɗaya kullum da yamma don tsinka jini, ɗaya 'yar mitsitsiya ta ƙarƙashin harshe in ƙirji ya riƙe. Tunda ni ce mai aiki a kantin magani, Mama ta damƙa mini ledar ta ce, "Ga aikinki." Yaya ya bugo waya, ya zuba umarni, ya kashe. Nasa aikin ke nan.

Talata, 2 ga Satumba

Wallahi da kyakkyawar niyya na faɗa.

Na miƙa masa ƙwayar yamma, yana juya ta a tafin hannu, sai na ga ai gara in sa masa sha'awarta. Na ce, "Baba, ka san tarihin wannan maganin, wafarin, kuwa?" Na ba shi labarin shanun da suka riƙa mutuwa da zubar jini saboda cin ruɓaɓɓiyar ciyawa, da yadda masana suka gano sinadarin da ke ciki, da yadda aka fara sayar da ɗan'uwansa, wato wafarin ɗin, a matsayin maganin ɓera kafin a gane zai yi wa mutane amfani. Labari mai daɗi. A wurin aiki kowa yana son sa.

Baba ya ajiye ƙwayar a kan tebur a hankali. "Rediyo, maimaita na ƙarshen."

Tun ina ƙarama yake kirana Rediyo, wai ba ni da makunnin kashewa. Na maimaita. Ya dubi Mama ya ce, "Kin ji ko? Na aurar, na ilimantar, yau an gano ni ɓera ne."

Mama ta juyo. Kallon da ta yi mini ya isa.

Alhamis, 4 ga Satumba

Bai sha ba. Na yi bayanin awo har muryata ta dushe: cewa bambancin guba da magani yawa ne, cewa ruwa ma in ya yi yawa yana kisa. Ya ce to a kawo masa ruwan, shi ya yarda da shi.

Juma'a, 5 ga Satumba

Na so in gyara, sai na ƙara ɓatawa. Ko ban ɓata ba? Na rasa ganewa.

Na ce masa ai magunguna da yawa asalinsu abin mamaki ne. Fenisilin daga funfuna aka samo shi. Asfirin kakansa ɓawon itace ne. Ita kanta ƙwayar ƙarƙashin harshen, sinadarinta shi ne wanda ake haɗa nakiyar fasa dutse da shi.

Na zaci zai jefar da kwalbar. Ina! Fuskarsa ta washe. Shi da ya yi ƙuruciyarsa yana kallon ana fasa dutse a wurin haƙar tsakuwa. "Nakiya?" ya ce. "To wannan magani ne na maza."

Yanzu kwalbar tana aljihun gaban rigarsa, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya hana kowa buge shi. Mama ta kunna risho ya fice daga kicin da sauri. Na ce Baba ɗan abin da ke ciki ba zai iya fashewa ba, ya ce kowa ma haka yake faɗa kafin ta tashi.

Ta ɓera dai tana nan inda take.

Lahadi, 7 ga Satumba

Yaya a waya: "Ke da bakinki." Na gode, Yaya. Zo ka ba shi da kanka.

Talata, 9 ga Satumba

Wani kamfanin magani ya raba mana kalanda a wurin aiki, kowane wata da hoton wani gini ko wuri na ban mamaki a duniya. Na zo da ita gida don Mama ta rufe tabon da ke bayan ƙofa. Baba ya riga ta ɗauka.

Shafin farko hasumiyar nan ce ta Italiya da ta karkace. Ya daɗe yana kallo. Ya juya kalandar, ya juya kansa. Sannan ya tashi ya shiga ɗaki ya ɗauko tsohuwar igiyar awonsa mai dalma a ƙasa, ya rataya ta a gaban hoton.

"Wane ne ya yi wannan aikin?"

Na ce ai sun mutu tun ɗaruruwan shekaru.

"Allah Ya rufa musu asiri. An biya su?"

Na gaya masa mutane daga ko'ina suna zuwa kallonta har da ɗaukar hoto. Ransa ya ɓaci na gaske. Ya ce shi da ya ƙare rayuwarsa yana miƙar da bango ko akuya ba ta taɓa tsayawa kallon aikinsa ba.

Da ya kai hannu zai buɗe shafi na biyu sai dabara ta zo mini. Na dafe. Na ce shafi ɗaya, ƙwaya ɗaya. Ya kalle ni, ya kalli kalandar, ya karɓi ƙwayar ya shiga ɗaki da kofin ruwa. Ya fito yana goge baki.

Ni ce nan. A rubuta.

Laraba, 10 ga Satumba

Gini mai siffar kwando a Amurka, har da hannayen riƙewa a sama. Baba: "Mai gidan ya ce a yi masa ofis, magini ya ji kasuwa."

Asabar, 13 ga Satumba

Abin ya zama hira ta kowace yamma. Maƙwabcinmu tela ma ya fara leƙowa daidai lokacin.

Gidan da aka gina a kife a Folan, rufi a ƙasa, harsashi a sama: Baba ya ce wannan aƙalla da gangan ne, ya fi na Italiya mutunci. Ƙaton hannun siminti da ya fito daga cikin yashi a hamadar Cile: ya tambaya ina sauran mutumin. Cokali mai yatsu da aka kafa a cikin tafki a Suwizalan: ya ce mutanen can ba su da matsala ne kawai. Da na ba su labarin wani bango a Amurka da mutane suke manna wa cingam ɗin da suka tauna, Mama ta ajiye abincinta ta ce in yi wa Allah in yi shiru.

Amma kullum sai ya koma shafin farko. Hasumiyar ta tsaya masa a rai.

Rabon da in ji dariyarsa haka na manta. Ni ma barcina ya dawo.

Litinin, 15 ga Satumba

Wani wari a ɗakin Baba. Mama ta ce takalminsa ne, shi ya ce magudana ce.

Talata, 16 ga Satumba

Ba takalmi ba ne.

Mun ja kabad ni da Mama. Ɓera, ƙato, ya mutu ya kumbura. Kusa da shi ga wani rami a gindin bango, a bakin ramin kuma ga gutsattsarin ƙwayoyina. Duk yammar nan da yake shiga ɗaki da kofin ruwa, ruwan kawai yake sha.

Na tsaya da tsintsiya a hannu na kasa magana, abin da bai taɓa faruwa ba. Baba ya leƙo ta kafaɗata, ko kunya babu.

"Na mayar wa masu shi ne," ya ce. Ya nuna gawar da ƙafa. "Ga sakamako kuma. Da yanzu ni ne a bayan kabad."

Tela ya ji labari ya zo ganin shaida. Har ta'aziyya ya yi.

Na shiga banɗaki na yi kuka. Haushi ne, da tsoro. Tun da aka sallamo shi ko ƙwaya ɗaya ba ta shiga cikinsa ba, zuciyar nan kuwa tana can tana kaɗa jini yadda ta ga dama. Na san abin da gudan jini yake yi wa mutum. Ina ganinsu suna zuwa kanti, ana tura su a keke, 'ya'yansu suna karɓa musu magani. Wannan labarin ne kaɗai ban taɓa ba Baba ba, don bakina ba ya iya ɗaukarsa.

Laraba, 17 ga Satumba

Na ɓoye kalandar. Ba ma magana. Ya aiko Mama ta tambaye ni abin da ke shafin watan tara, na ce ta gaya masa ɓera ne.

Juma'a, 19 ga Satumba

Da hantsi, yana shan shayi. Kofin ya zame daga hannunsa. Ya buɗe baki zai yi faɗa, maganar ta fito a murɗe, gefen bakinsa ya sauka. Mama ta kira sunana na gaskiya.

Tela ne ya nemo mota. Kafin mu isa asibiti hannun ya dawo, maganar ta dawo, har yana cewa direba ya bi a hankali akwai nakiya a motar. Likita ya ce ƙaramin guda ne ya toshe ya wuce, gargaɗi ne, na gaba ba lallai ya wuce ba. Ya tambaya ko yana shan maganinsa. Duka muka kalli ƙasa.

Sun riƙe shi. Ba zan iya rubuta fiye da haka ba yau.

Lahadi, 21 ga Satumba

Na kai masa kalandar asibiti. Ban ce komai ba, na ajiye a gefen gado na zauna. Na rantse a raina ko kalma ɗaya ta magani ba za ta fito daga bakina ba. Zaman ya yi mini wuya kamar riƙe atishawa.

Ya buɗe shafin farko. Da zai gyara zama sai ya jingina ta gefe ɗaya, ya lura ni ma na lura.

Can ya ce, "Rediyo, kunna. Me ya hana ta faɗuwa?"

Na gaya masa iya abin da ya tambaya. Ƙasar wurin ce mai laushi, tun ana cikin gini ta fara nutsewa ta gefe guda. Da abin ya yi tsanani a zamaninmu sai injiniyoyi suka riƙa zaro ƙasa daga ƙarƙashin gefen da ya fi tudu, kaɗan-kaɗan, suna aunawa, har ta ɗan dawo ta tsaya.

"Haƙa a ƙarƙashin gini? Ai haka ake rushe gida."

Na ce eh.

"Da sun kwashe da yawa fa?"

Na ce da an shiga uku.

Ya koma kallon hoton. Bayani yana cin harshena, awo, guba, magani, duk ga su a jere. Na danne.

"Ba su miƙar da ita ba," ya ce.

Na ce a'a, sun dai hana ta faɗuwa.

Da ma'aikaciyar jinya ta kawo maganin yamma, ya karɓa, ya ɗaga shi sama yana dubawa kamar bulon da bai yarda da shi ba. Ya tambaye ta wa yake auna wannan haƙar. Ta kalle ni. Na ce za a riƙa gwada jininsa a kai a kai, a ƙara ko a rage. Ya jefa a baki a gabanmu, ya sha ruwa, sannan ya buɗe baki ya ɗaga harshe don in duba, alhali ban ce ya yi ba.

Na fita waje wai zan amsa wayar Yaya. Wayar ba ta yi ƙara ba.

Laraba, 24 ga Satumba

Mun dawo gida. Abu na farko, ya kwaɓa siminti ya toshe ramin bayan kabad. Ya ce an rufe reshen kantin magani na ɓeraye.

Asabar, 27 ga Satumba

Ya sa na rataya shafin hasumiyar a kan gadonsa, ya auna ƙusar da igiyarsa don hoton ya miƙe ko da ginin bai miƙe ba.

Da yamma tela ya zo da abokansa biyu dubiya. Ina kicin ina jiyo Baba yana koyarwa. Wai ƙwayar nan da suke gani tana shiga ne ta haƙe ƙasar da ke ƙarƙashin zuciya kaɗan-kaɗan don kada ta kife. Wai da nakiya ake haɗa ta. Wai Turawa sun fara gwada ta a kan wata hasumiya a ƙasar Indiya, da suka ga ta yi aiki suka ba ɓeraye, sannan mutane.

Kuskure a kan kuskure. Na fito da tiren shayi, bakina har ya buɗe, "A'a Baba, ba haka..." ta iso maƙogwaro. Daidai nan ya ɗauki ƙwayarsa ya jefa a baki ya kora da ruwa, ya juyo ya ce, "Ko ba haka ba, Rediyo?"

Na ce haka ne, Baba.

Ya haɗiye tasa, na haɗiye tawa. Tawa ta fi ɗaci, amma ta wuce.