Haƙorin da Mama Ke Yanke Zare da Shi

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya jikin autanki, tarin ya sake shi?

Kin ce ban yi miki bayani ba, to ga shi a rubuce, don a waya ba kya barin mutum ya kai aya. Likitocin zuciya sun ce ba za su yi wa Mama tiyata ba sai bakinta ya rabu da ƙwayoyin cuta, don in suka bi jini suka sauka a zuciyar da aka taɓa, sai dai wani ikon Allah. Haƙorinta na gaba, wanda take yanke zare da shi tun kafin a haife mu, jijiyarsa ta mutu, saiwar ta tara mugunya, har fuskarta ta kumbura. Abokin aikina ya duba hoton ya ce a cire kawai a huta. Mama ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ita ba ta kai 'yarta karatun haƙori don a yi mata giɓi ba. In an cire, tiyatar ma ta fasa. Kin dai san halinta.

Shi ya sa na ɗauki aikin da kaina. Na huda haƙorin, na kankare cikin saiwar. Amma saiwa ba miƙaƙƙen rami ba ce, tana da 'yan rassa da lunguna da ƙarfe ba ya kaiwa, can ƙwayoyin suke lafewa. Sai a cika ramin da ruwan magani, a zura wani siririn tsinke mai karkarwa, shi ke kaɗa ruwan har ya kutsa ko'ina ya ɓamɓaro su. Kamar wankin kwalba ne, zuba ruwa bai isa ba sai an girgiza. Mama ta ce ji take kamar sauro ya tare a cikin kanta. Na sa magani, na toshe da cikon wucin gadi, na roƙe ta kada ta ciji komai da shi. Har sabon almakashi na rataya mata a jikin keken ɗinki.

Tsoro nake ji, Yaya. Matakalar asibitinmu sai da Mama ta yi ta hutawa kafin ta ƙare ta.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki

Yaya,

Sallama da fatan alheri. Ya gida, ya yara? Na ga saƙonki cewa wata maƙwabciyarki ta ce a kuskure baki da ruwan gishiri. Ki gode mata. Ki kuma gaya mata gishirin bai san hanyar saiwa ba.

Kumburin ya saɓe. Na sake buɗewa na kaɗa ruwan, ya fito fes, ba wari. Na kai wa likitocin zuciya labari, sun ba mu rana. Saura ciko na dindindin kawai. Mama har ta ce wa abokin aikina ya zo ya koyi aiki a wurina, kunya kamar in nutse.

Ki ci gaba da addu'a.

Ƙanwarki

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu kam ba lafiya ba.

Haƙorin ya tsage. Ranar da muka je gwajin jini Mama ta ga rigar da ake sa wa masu tiyata, buɗaɗɗiya ta baya, ta ce wallahi ba da ita ba, tata za ta ɗinka. Tana cikin ɗinkin zare ya zo ƙarshe, ga almakashi a gabanta yana lilo, amma hannu ya riga ya saba. Ta kai zaren baki. Ta ce ƙas kawai ta ji. Ta ɓoye mini har fuskarta ta sake hawa, ni kuwa ina ta gaya wa mutane an gama.

Tsagar ta bi tsawon saiwar har ƙasa. Komai kaɗa ruwan da zan yi, ƙwayoyin ta nan za su dawo. An ɗaga tiyatar, an ba wani ranarmu. Raina ya ɓaci, na ɗaga mata murya a gaban ma'aikata, na ce zare ya fi mata ranta. Sai kawai ta gyara mayafinta ta nufi ƙofa. Da ma ta zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Da muka koma gida ta zauna a bakin gado tana haki, ta kira ni da sunan da take kirana ina ƙarama, ta ce a cire. Amma ni zan cire, ba ta yarda wani ya taɓa ba. Na ce to. Na cire wa mutane haƙora ba adadi, amma wannan na Mama ne.

Kada ki aiko da saƙo ko shawarar kowa. Ki zo da kanki kafin ƙarshen mako. Allura take tsoro, kin sani, ni kuma hannuwana duka biyu za su kasance a bakinta. Ki zo ki riƙe mata nata.

Ƙanwarki