Bindigar da Baffa Sambo Ya Zaɓa Mini

Daga Wurno zuwa ga Yaya Umaru a Adamawa. Gaisuwa da girmamawa. Ina fata kana lahiya, kai da iyali. Yaya yara, yaya zaman nesa? Mu nan sai godiya, Inna ta samu sauƙin ƙafa.

Bayan haka, garken gyado, aladen dajin nan, ya hana shinkafarmu sakat a fadama, kibiya kuwa ba ta tsai da su. Don haka munka tahi Goronyo da Baffa Sambo mahalbi, in zaɓi bindigata ta fari. Raina ya kwanta da wata mai ƙaton baki. Baffa ya ce, "Mi za ka halba, dorina?" Ya ɗauko matsakaiciya, ya ce dalma guda ta ishi gyado, albarushi kuwa kada ya wuce awon yatsa biyu.

Na ce, "Huɗu fa?"

Ya buɗe mini hannunai na hagu mai yatsa ukku, ya ce, "Ni huɗu na zuba."

Jiya na kada gyado guda, sauran ba su komo ba. In Allah ya yarda, bana mu za mu ci shinkafarmu. Ka sa ni addu'a, ka gai da mutanen gida.

Ƙanenka Bello, da yatsunai goma cif.