Lambar da Ke Bayan Kwalin Magani

Abla Insaf, mai ba mu shawara a wannan shafi, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana a garinmu na Kusair da ke bakin teku, don kowa ya san kowa. Ki yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai wuce firamare ba.

Mijina, Rayyis Atiyya, ya rasu wata goma sha huɗu ke nan. Ciwon ƙirji ne ya ɗauke shi a kan gadonsa, ba teku ba, ko da yake shekara talatin ya yi yana kai mutane nutso. Allah bai ba mu haihuwa ba. Ni da shi ne kawai, sai akwatunansa.

Wataƙila kin san wasan nan da ake ɓoye ƙaramin akwati a wani wuri, a sa lambobin wurin a intanet, wanda ya gano ya rubuta sunansa a ciki ya mayar yadda ya same shi. Wasu a gindin bishiya suke ɓoyewa. Shi Rayyis a ƙarƙashin teku yake ɓoye nasa. Waya ba ta aiki a cikin ruwa, saboda haka lambobin iyakarsu su kawo ka inda za ka faɗa. Daga nan sai kamfas mai allurar nuna arewa, da ƙidayar bugun ƙafa, da hankalinka. A ciki yakan sa ɗan allon roba da fensir, da abin hannu na shuɗin zare da nake kitsawa don wanda ya fara isa.

Abla, ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba, tsoro nake ji. Amma na san ƙasan tekun nan kamar ɗakin girkina, domin a kan tiren shayina ake tsara komai. Kofi shi ne dutse, cokali shi ne tsohon jirgin da ya nutse, ƙwayar wake ita ce akwati. Sai ya karanta mini alamomin ya ce, "To Hajja, ga ki a ruwa, iskar tukunyar numfashinki ta rage rabi, ina za ki?" In na gano da wuri sai ya ɓata fuska ya rushe komai ya sake. In na kasa har shayi ya huce, sai ya yi ta murna kamar an yi masa kyauta.

Akwai akwatin da ba a ganinsa sai rana ta take, lokacin da haske ke ratsa wata huda a dutse ya sauka daidai kan murfin. Akwai wanda sai ka ƙirga haƙarƙarin wani ruɓaɓɓen jirgin katako kafin ka san lambar kwaɗon makullinsa. Akwai na cikin tulun ƙasa, wanda kifin nan mai hannu takwas ya tare a ciki wata uku, Rayyis ya hana kowa korarsa, ya ce mai gida ya zo, baƙi su jira. Wanda na fi so shi ne na takwas, don ni na kawo shi. Wata rana ya kalli jan mayafina ya ce a mita goma sha biyar baƙi zai koma, ruwa yana cinye jan launi. Na ce to ka shafa wa murfin jan fenti, ka ce musu su nemi ja. Haka kuwa ya yi. Shekara guda manyan masu nutso suna wuce akwatin nan, suna kallonsa ba su gan shi ba, sai da wata mata ta haska shi da tocila.

Mutane sun zo daga ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba saboda akwatunansa. Amma yana da dokoki biyu da bai taɓa karyawa ba. Ba ya taɓa murjani mai rai da ke tsirowa a ƙasan teku, kuma ba ya ɓoye komai a ƙasa da mita goma sha takwas. Yakan ce wahalar a kai take, ba a zurfi ba, kowane wawa ma ya iya nutsewa.

Na goma sha biyu shi ne na ƙarshe. Ya ajiye shi ciwon ya riga ya kama shi. Amininsa Fauzi, wanda shi ke kula masa da shafin intanet ɗin, ya sa alamomin: daga hancin tsohon jirgin ƙarfe, ka bi lamba kaza a kamfas, bugun ƙafa sittin.

Yana kwance, wata safiya ya ce in kawo tiren mu sake bi. Kamfas ɗinsa na kan tire. Na ajiye wuƙar yanka gurasa kusa da shi, sai allurar ta juya. Ya ɗauke wuƙar, ta koma. Ya sake matso da ita, ta sake juyawa. Sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Ni Atiyya, shekara talatin a ruwa, in jingina da jirgin ƙarfe ina karanta kamfas? Wallahi ɗan koyo ya yi wannan sai na kore shi daga jirgina!" Ƙarfen jirgin ya ja allurar ranar da ya auna, lambar da ya bayar ba daidai ba ce. Wanda ya bi ta, gefen da ƙasa ta yanke zai nufa, inda zurfin ba shi da iyaka. Ya ɗauko taswirarsa ya lissafa ta gaskiya, ya sa na rubuta a bayan kwalin maganinsa. Fauzi yana kudu da baƙi, sati biyu a teku, babu waya. Rayyis ya ce, "Bari ya dawo in faɗa masa da bakina, ya yi dariyarsa a gabana. In ban kai ba, ki ba shi."

Bai kai ba. Kwana tara bayan nan aka binne shi.

Ban ba Fauzi kwalin ba, Abla. Da farko mantawa na yi, Allah ya sani. Bayan arba'in sai abokansa suka fara zuwa gidana duk ranar Alhamis da la'asar, su biyar ko shida. In dafa musu shinkafa da kifi, su baje taswira a kan tiren nan, su yi ta gardama a kan akwati na goma sha biyu. Fauzi ya ce, "Matar yayana, tsohon nan ko a kabari bai bar wahalar da mu ba." Wani ya ce ai Fauzi ko akwatin ya zo ya zauna masa a ciki ba zai gani ba, tumbin ya tare. A yi dariya, a kawo labarin Rayyis, wani na sani wani ban taɓa ji ba. Ko lokacin sanyi, da iska ta hana jirage fita sati biyar, ba su fasa zuwa ba, har suka gyara mini famfo. Ina zaune ina jin sunansa a bakin mutane, kwalin yana cikin gwangwanin sukari a bayansu. Kullum in ce Alhamis mai zuwa zan faɗa. Sai in tuna in an gano akwatin, me kuma zai kawo su?

Na yaudari kaina da cewa sun san dokarsa, ba za su wuce sha takwas ba. Ashe da suka gaji sai suka fara cewa wataƙila a na ƙarshe ya karya ta, tunda lambar can gefen take kai su.

Sati biyu da suka wuce Fauzi ya sauka mita talatin da takwas, ya daɗe yana dube-dube, ya taso da sauri. Hannunsa na hagu ya mutu. Kwana biyu ya yi a ɗakin nan na asibiti da ake sa masu ciwon nutso. Na zauna da matarsa Afaf a waje, ta riƙe hannuna tana cewa ni kaɗai ce na san abin da take ji. Ban iya kallon idonta ba.

Hannun ya dawo, alhamdulillahi. Likita ya ce sati shida kada ya shiga ruwa. Shi kuwa ya ce ranar da suka cika zai koma, har mita arba'in da biyar in ta kama, don ba zai bar allon amininsa babu suna ba.

In na faɗa, za su san gwanin da suke yabo ya yi kuskuren ɗan koyo. Za su san na yi shiru fiye da shekara. Afaf za ta san da wa ta zauna. Na yi tunanin in tura lambar ba suna, ko in ce yanzu na tsinci kwalin ina share-share. Abla, me zan yi?

Daga mai tiren shayi, Kusair.

*

Wa alaikumus salam, 'yar'uwata. Allah ya ji ƙan Rayyis, ya sa ya huta. Na karanta wasiƙarki sau biyu, na biyun don jin daɗin labarin jan murfin kawai.

Zan fara da abin da ba ya jira. Ki ɗauki kwalin nan ki kai gidan Fauzi yau, ba ranar Alhamis ba, ba bayan sati shida ba. Kuma ba shi kaɗai ne ke cikin haɗari ba: lambar tana nan a intanet, kowane baƙo zai iya bin ta gobe. Ki sa ya gyara shafin kafin ki bar gidan, ya rubuta a fili cewa akwatin bai wuce mita goma sha takwas ba.

Ba zan ce miki ba ki yi laifi ba, ke ma ba za ki yarda ba. An ba ki saƙo kin riƙe, mutum ya kusa rasa hannunsa. Amma na ga abin da ya sa. Mace ce aka bari ita kaɗai a gidan da ya saba da surutun mutum biyu, ta sami yini ɗaya a mako da ake kiran sunan mijinta, ta ƙanƙame shi. Wannan ba mugunta ba ce, kaɗaici ne. Sai dai kaɗaicin ya kai inda wani ke biyan kuɗinsa da jikinsa, dole ya tsaya nan.

Kada ki tura lambar ba suna, kada kuma ki ce tsintarta kika yi. Rubutunki ne a kan kwalin, kuma za ki ci gaba da zuba wa mutanen nan shayi da sabuwar ƙarya a kan tsohuwa. Ki faɗa a gaban Fauzi da Afaf tare, yadda kika faɗa mini, har da wuƙar gurasa. Ki nemi gafarar Afaf da sunanta. Tana iya yin fushi, tana iya daina gaishe ki na wani lokaci, haƙƙinta ne. Kada ki matsa mata, kada kuma ki daina zuwa duba mijinta. Ba zan yi miki alkawarin komai zai koma yadda yake ba.

Game da mutuncin Rayyis, ina jin kin ɗauki abin a juye. Yau abokansa sun yarda cewa ya karya dokarsa, ya ɓoye abu a inda zai iya kashe su. Wannan ne yake zubar masa da mutunci. Kuskuren kamfas kuwa, shi da kansa ya gano shi yana kwance, ya yi dariya, ya gyara, ya bar saƙo. Mutumin da ya jira kifi wata uku don kada a kore shi daga tulu ba zai so amininsa ya sauka mita arba'in da biyar saboda shi ba. Kwalin nan shi ne zai wanke shi.

Sai tsoronki na cewa za su daina zuwa. Ke kika rubuta mini cewa sun zo sati biyar a jere lokacin da babu jirgin da ya fita, babu wanda ya nemi komai, babu sabon labarin akwati. Me suka zo yi? Ai ba a gyara famfo saboda kamfas. Su ma kewarsa suke yi, kuma gidanki ne kaɗai inda yake.

Akwai abin da ban ji kin faɗa musu ba: cewa akwati na takwas naki ne, kuma duk sha biyun ta hannunki suka bi kafin su shiga ruwa. In ƙura ta lafa, ki faɗa. Akwatunan nan suna bukatar mai kula, a canja allo, a sa sabon fensir. Su suna da tukwanen iska, ke kina da tiren. In wata rana an yi na goma sha uku, na san a inda za a tsara shi.

Amma wannan na gaba ne. Na yau shi ne ki buɗe gwangwanin sukari. Abin hannun da kika kitsa ya yi wata goma sha huɗu da ɗoriya a ƙarƙashin ruwa yana jiran hannu, kuma Allah ya mayar wa Fauzi nasa. Ki bar shi ya je ya ɗauko, a zurfin da Rayyis ya yarda da shi.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya ran Afaf, ya dawo da kowane mai nutso gida lafiya.

Abla Insaf